Mai karatun littattafan yaƙi tana son fara wasan D&D: ta ina za ta kama?

Autar Hajiya: Assalamu alaikum yayyena da iyayena na wannan zaure. Shawara nake nema. Ni mai karatun littattafan yaƙi ce, masu jarumai da matsafa da birane masu ganuwa, na Hausa da na Turanci duka. Kwanan nan nake ta cin karo da wasan nan da ake zama a kewaye tebur, mutum ɗaya yana jan labari, saura kowa ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da zai yi, ana jefa dayis. D&D na fi jin sunansa, wato Dungeons and Dragons. Raina yana so, amma kunya gare ni, ba zan iya canza murya a gaban mutane ba. Littafin dokokin kuma ya haura shafi 300. Ban san inda ake samun dayis mai fuska 20 a Kano ba, sannan Hajiya in ta ga dayis caca za ta ce. Don Allah ta ina zan kama?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara cire littafin nan mai kauri daga lissafi. Na dubawa ne idan an sami saɓani, ba na haddacewa ba. Wasan gaba ɗayansa zagaye ɗaya ne da ake ta maimaitawa: mai jan labari ya faɗi abin da ke gabanku, ke ki faɗi abin da jarumarki za ta yi, shi kuma ya faɗi abin da ya biyo baya. Ga yadda yake. Mai ja zai ce, "Kun iso bakin ganuwa an riga an rufe ƙofa. Sarkin ƙofa yana zaune da fitilar aci-bal-bal a gefensa, ga kukan kuraye a bayanku." Ke kuma ki ce, "Zan gaishe shi, in ce mu fatake ne, in nuna masa wasiƙar madugu." Idan babu dalilin da zai ƙi, ya buɗe, ba a taɓa dayis ba. Idan akwai shakka, mai ja ya sa lamba a ransa, a ce 15, ki jefa mai fuska 20, ki ƙara makin iya maganarki. In jimla ta kai 15 ko ta wuce, ƙofa ta buɗu. Yawancin abin da ke cikin littafin ƙari ne a kan wannan.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da D&D a Amurka a 1974, yanzu yana hannun kamfanin Wizards of the Coast. Bugu na biyar ya fito a 2014, aka sabunta shi a 2024. Kamfanin ya saki taƙaitattun dokoki kyauta a intanet, Basic Rules. A na 2014 aji huɗu ne kawai: mayaƙi, ɓarawo mai sanɗa, matsafi, da limamin gumaka. Sauke shi, ki karanta babin yadda ake gwada iyawa da babin faɗa, ki bar babin sihiri tukuna. Ki ɗauki mayaƙiya a zaman farko, don ita ce ba ta da dogon lissafi.

Uwar Biyu: Auta, maganar murya ki kwantar da hankalinki. Wataƙila bidiyon Critical Role kika gani, waɗanda suka fara nuna wasansu a 2015. Su sana'arsu ke nan, masu sa murya ne a katun da wasannin kwamfuta. Babu dokar da ta ce sai an yi haka. Kina iya cewa "Jarumata ta ɗaure fuska ta ce ba za ta biya ba," da muryarki ta kullum, kamar mai ba da labarin abin da ya faru a gidan biki. Hakan cikakken wasa ne. Kuma ki rubuta abu uku a saman takardarki: me take nema, me take tsoro, wa take bi bashi ko wa ke bin ta. Duk lokacin da aka juyo kanki kika rasa abin faɗa, ki duba ukun nan, amsa tana ciki. Kada ki rubuta mata tarihi shafi biyar. Masu karatun littafi suna yawan faɗawa nan, su zo da jarumar da ta riga ta ci birane bakwai, sai kare ya cije ta a zaman farko ta kwanta, ran mai ita ya ɓaci. A mataki na ɗaya jaruma sabuwar shiga ce, tarihinta a kan tabarma za a rubuta shi.

Anti ta Gwale: Ɗan Fagge ka yi haƙuri, ni ban yarda a fara da D&D ba, musamman da yake babu wanda ya iya a gidansu, ke nan ita ko wani ɗan'uwanta ne zai ja labarin. Sabon mai ja da sababbin 'yan wasa da dokokin Turanci, kaya ya yi wa jaki yawa. Akwai tsarin da dayis biyu na lido ya wadatar. Daga wasan Apocalypse World na Vincent Baker ya samo asali, wanda ya fito a 2010, daga baya Dungeon World ya kai shi duniyar takobi da dodanni. Akwai kuma World of Dungeons na John Harper, 'yan shafuka ne, kyauta, kuma dayis mai fuska shida kaɗai yake buƙata.

Ga dokar: a jefa biyu, a haɗa, a ƙara makin jaruma. Daga 10 zuwa sama, ta samu abin da take so. Daga 7 zuwa 9, ta samu amma da tsada. Daga 6 zuwa ƙasa, abu ya lalace, mai ja ya kawo sabuwar matsala. Tsakiyar nan ita ce zuciyar wasan. A misalin ƙofar Ɗan Fagge, in 8 ta fito, sarkin ƙofa zai buɗe amma sai kun bar takubbanku a wurinsa, ko ya buɗe wa mutane ban da jakuna. Kin ga labari ya motsa, kuma zaɓi ya dawo hannunku.

In kina son ki haɗa naku a gida da Hausa, rubuta hali huɗu a takarda: ƙarfi, zafin nama, basira, baki. Kowa ya raba musu +2, +1, 0, da −1 yadda ya ga dama. Kowa jininsa 6. Sara ko harbi yana cire 1, na babban dodo 2 ko 3. Kowa ya zaɓi kaya uku da sana'a ɗaya, maharbi, maƙeri, wanzami, ɗan koli, mai magani. Abin da ya shafi sana'arka ka ƙara 1. Cikin minti goma kowa ya gama takardarsa.

Malamin Lissafi: Tsarin Anti yana da kyau, amma a kula da ƙarin maki. Dayis biyu suna da faɗuwa iri 36. Mai +1 zai ci cikakkiyar nasara a 10 daga ciki, nasara mai tsada a 16, ya faɗi a 10. Mai +2 kuwa 15, 15, da 6. Mai +3 zai ci cikakkiya a 21, ya faɗi a 3 kacal. Saboda haka kada jimlar ƙari ta wuce +3 ko da sana'a ta shigo, in ba haka ba jefawar ta zama al'ada kawai, babu fargaba a cikinta.

Ga mai son D&D ɗin kuma. Saitin dayis bakwai ne: mai fuska 4, 6, 8, 12, 20, da masu fuska 10 guda biyu. Na lido ba ya wuya a Sabon Gari ko shagunan kayan wasan yara. Saitin bakwai ɗin a yi odarsa ta intanet, a nema da sunan polyhedral dice. Kafin ya iso, in kika rubuta roll d20 a Google zai jefa miki. Waya ɗaya a tsakiya, kowa yana gani, sauran wayoyi a aljihu. In ba data, yanka takardu 20 daidai da juna, rubuta 1 zuwa 20, naɗe su, zuba a hula. Sharaɗi shi ne a mayar da wadda aka ciro a girgiza kafin a sake ɗiba. In ba a mayar ba, mai lura zai san lambobin da suka rage. Katin wot ba ya yi, don babu 6 babu 9 a cikinsa. Kuma kada a ce a jefa na lido uku a madadin mai fuska 20. Matsakaicinsu ɗaya ne, goma da rabi, amma uku suna taruwa a tsakiya: 10 ko 11 za su fito sau ɗaya cikin huɗu, 18 kuma sau ɗaya cikin 216, alhali a mai fuska 20 kowace lamba rabonta ɗaya cikin 20. Duk ma'aunin wahala na littafin zai karkace.

Abin da ke rikita sababbi: mai fuska 12 da mai 20 suna kama daga nesa. Na 12 fuskarsa kusurwa biyar ce, na 20 kusurwa uku. Sifili a kan mai fuska 10 goma yake nufi.

Ɗan Fagge: Anti na ji, kuma in ita za ta ja, ina bayanki. Amma akwai abin da D&D ya fi sauƙi a kai ga sabon mai ja: ya riga ya ba shi lambobi. A tsarinki kowace 7 zuwa 9 sai mai ja ya ƙirƙiro tsadar nan take, kuma sakamako ne da ke yawan fitowa. Mai kunya zai iya daskarewa a karo na biyar. Maganinsa a rubuta jerin tsada tun kafin zama: an ji rauni, kaya ya karye, lokaci ya ƙure, wani ya gani, an shiga bashi, an rabu da 'yan'uwa. In kai ya ɗaure a ɗauki ɗaya.

Bari in ba ki mayaƙiya a shirye, ko za ki so gwadawa. Halaye shida ne a D&D: ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, lura, kwarjini. Ana raba musu 15, 14, 13, 12, 10, 8. A bugun 2014 ɗan Adam yana ƙara 1 a kan kowanne. Sa 15 a ƙarfi ya zama 16, wato +3. Sa 14 a juriya ya zama 15, wato +2. Jininta 10 da 2, 12 ke nan. Sulke da garkuwa sun ba ta kariya 18, ma'ana sai maƙiyi ya kai 18 zai same ta. Saranta mai fuska 20 ne da +5, wato 3 na ƙarfi da 2 na ƙwarewa. In ya shiga, ta jefa mai fuska 8 ta ƙara 3. Ma'aunin wahala kuma: 10 mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya. In tana da galaba, a ce tana saman katanga ko maƙiyi bai gan ta ba, ta jefa biyu ta ɗauki babba. In ita ce a matse, ta ɗauki ƙarami. Da wannan sakin layi kaɗai za ki yi zama uku.

Malamin Lissafi: Galabar nan ba ƙaramin abu ba ce. Mai +5 da ke neman 15 yana da kashi 55 cikin 100. Da jefa biyu ya koma kusan kashi 80. Mai ja ya riƙa ba da ita a matsayin lada ga wanda ya kawo dabara, ba ga wanda ya fi surutu ba.

Gargaɗi a kan faɗan farko, don nan ake kashe sababbi. Ɗan dodon da suke kira goblin a bugun 2014 kariyarsa 15, jininsa 7, saransa +4, yana cire 3 zuwa 8. Matsafi a mataki na ɗaya jininsa bai cika wuce 8 ba, sara ɗaya mai kyau ya kwantar da shi. Goblin huɗu a kan jarumai huɗu, lissafin littafin da kansa ya sa shi a sahun faɗa mai kisa. Biyu mai sauƙi ne, uku mai wuya. Gara a yi amfani da ɗan fashi: kariya 12, jini 11, sara +3, yana cire 2 zuwa 7. Huɗu daga cikinsu matsakaicin faɗa ne. Kuma su gudu in rabinsu ya faɗi, ɗan fashi ba mutuwa ya fito yi ba. In jinin jarumi ya koma sifili bai mutu ba tukuna. Kowane zagaye yana jefa mai fuska 20, daga 10 zuwa sama ya ci. Ci uku ya tsira, faɗuwa uku ya tafi. Sababbi sukan manta cewa a wannan tsakanin ɗan'uwa zai iya zuwa ya ɗaure masa rauni.

Baban Zaure: 'Yata, duk kun yi maganar lissafi, ni ta Hajiya zan yi, don ita ce gaba. Kada ki ɗauki damuwarta a matsayin rashin sani. Caca kam ba ita ba ce, tunda ba a sa kuɗi, ba mai ci ba wanda aka cinye, duk 'yan wasan ɓangare ɗaya suke. Amma maganar dayis ba a kan kuɗi kaɗai ta tsaya ba. Akwai hadisin hani a kan nardu, wani wasa da ake yi da dayis, a Muwaɗɗa Malik da Sahihu Muslim, kuma malamai da yawa sun faɗaɗa shi zuwa wasan da ake yi da dayis ko ba kuɗi. Wannan ba hukuncin da za mu yanke a zaure ba ne. Ki je wurin malamin da gidanku ya yarda da shi, ki kwatanta masa wasan yadda yake, har da takardun hula, don su ma sa'a ce. Abin da ya ce ki bi.

In ya hana, wasan bai mutu ba. Tun 1991 aka yi Amber Diceless, wanda ba a jefa komai, wanda ya fi maki a abu shi ke rinjaye sai in ɗayan ya kawo dabara. Wasu wasannin na baya-bayan nan, irin su Wanderhome, da 'yan abubuwan ƙirge kamar tsakuwa ake yi. Ga yadda za ku yi a gida: kowa a ba shi ƙwallon dabino uku. Abu mai sauƙi ko na sana'arka, ka yi kawai. Abu mai wuya, ka biya ƙwallo ɗaya ka ci nasara. In kana son ƙwallo, sai ka yarda wani abu ya same ka, ka faɗa tarko, ko fushinka ya ja wa ayari rigima. Babu sa'a a ciki, zaɓi ne zalla.

Sai abin da ke cikin labarin. A D&D akwai ajin da ƙarfinsa daga bautar gumaka yake, akwai kuma wanda ya ƙulla alkawari da shaiɗani ko makamancinsa. Ku cire su, ba wanda zai tambaye ku. In ana tsoron rashin mai warkarwa, tunda limamin gumakan ne ke wannan aiki, akwai ruwan magani a dokokin, ana jefa masu fuska 4 guda biyu a ƙara 2. Ku kira shi ƙullin magani, kowa a ba shi biyu. Matsafi kuma ya zama maƙiyi, kamar yadda yake a yawancin littattafan yaƙinmu. Kuma kada a sa sunan Allah, ko annabawa, ko ayoyi a cikin wasa. In an kira salla a tashi.

Autar Hajiya: Na gode Baba, zan yi haka in sha Allahu. Yayyena biyu da 'yar kawuna sun ce za su zauna, amma duk sun ce ni zan ja, tunda ni ce mai karatun. Ina da labari a kaina mai tsawo, na wata sarauniya da aka ƙwace wa gari. In fara da shi?

Anti ta Gwale: A'a ƙanwata, ajiye sarauniya tukuna. Wannan shi ne babban ramin da marubuta da masu karatu ke faɗawa. Kin riga kin san ƙarshen labarinki, su kuma za su yi abin da ba ki zata ba. Za su ƙi taimakon sarauniya, ko su sayar da dokinta. Sai ki fara tura su hanyar da kika shirya, su kuma su gane cewa zaɓinsu ba ya canza komai, su koma kan waya. Matsala ake shiryawa, ba a shirya yadda za ta ƙare.

Shirya na zama ɗaya, a shafi ɗaya. Ga misali daga tarihinmu. Fatake sukan tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, madugu yana shugabanci, jagaba yana gaba yana duba hanya, ana kwana zango-zango. To ayari ya sauka a zango na uku, da asuba aka nemi jagaba da jakuna biyu aka rasa. Madugu ya ce in rana ta take ba a same su ba ayari zai tashi. Jarumanki 'yan rakiya ne. Ke kaɗai kika san gaskiya: jagaba ya kai jakunan fansar ɗansa da 'yan fashi suka kama. Rubuta wuri uku, zango, mashaya, da kogon 'yan fashi. Rubuta mutum uku, kowa da suna da abin da yake so da alama ɗaya, a ce mai abincin zango da ba ta kallon ido in tana ƙarya. Ga duk abin da dole su gano, ajiye alama uku: sawun jakai ya nufi rafi, igiya kwance ta aka yi ba yankewa ba, yaron mai abinci ya ga fitila da dare. Za su tsallake ɗaya, su yi wa ta biyu mummunar fahimta, ta uku ta kai su. Kuma kada ki ɓoye alama a bayan dayis. In sun duba wurin, sun gani.

In sun iso kogo, naki ya ƙare, nasu ya fara. Su yi faɗa, su yi ciniki, su yi sanɗa da dare, su koma su tona wa jagaba asiri ko su rufa masa. Kowanne daidai ne.

Don kayan ƙawata wuri, je Gidan Makama ki ga sulke da kayan yaƙi da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da idonki, ki leƙa marinar Ƙofar Mata ki ji warin baba, ki bi lungunan Kurmi, kasuwar da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Abu biyu za ki riƙa faɗa a kowane sabon wuri, ɗaya na gani, ɗaya na ji ko na shaƙa, sai ki ce "me za ku yi?" Bayanin da ya wuce jimla uku ba ya zama a kan mai sauraro. Amma gari da sarki ki ƙirƙiro naki, kada a sa sarakunan gaske a bakin wasa.

Mai Dara: Kayan zama. Fensir ba biro ba, don jini hawa yake yana sauka, da abin gogewa ɗaya. Faifai ko tire da aka shimfiɗa wa ƙyalle don jefa dayis, in ba haka ba rabin lokaci a ƙarƙashin kujera za a yi shi. Ku yi doka tun farko: wanda ya fita daga faifai bai ƙirgu ba. Taswira ba dole ba ce a tsarin Anti, zane a takarda ya isa. A D&D tana taimakawa wajen faɗa. Gida ɗaya ƙafa biyar ne, mutum yana tafiyar gida shida a zagaye. A al'ada inci ɗaya ake zana kowane gida, amma in da marafen robar ruwa za ku yi mutane, ku zana santimita uku, don marfin ya ɗan fi inci. Sayi kwali fari babba, ja layukan, rufe shi da farar leda mai kauri, ki riƙa zane da makar allo mai gogewa. In an yi kuskure an sa wadda ba ta gogewa, sifirit yana fitar da ita. 'Ya'yan lido su zama jarumai tunda launinsu huɗu, marafe su zama maƙiya, a rubuta musu lamba a kai don a san wanda aka sara. Fanka tana kwashe takardu, a danne da kofi. A ajiye fitila mai caji kusa.

Uwar Biyu: Mutum uku da mai ja adadi ne mai kyau, kada ki ƙara a karon farko ko an roƙe ki. Daga shida zuwa sama mai kunya ba ya samun baki, kuma zagayen faɗa ɗaya sai ya cinye kwata. Tsakanin la'asar da magariba awa biyu da 'yan kai ne, ya ishi labarin jagaba in kun zo da takardun jarumai a shirye. Minti goma sha biyar na farko na yarjejeniya ne: wane irin labari ake so, me ba a so a ji sam, kamar cin zarafin mata ko yara, da cewa jarumai ba sa sata ko saran juna. Wannan ta ƙarshe ita ke hana faɗan wasa ya koma na gaske tsakanin 'yan'uwa. Duk wanda abu ya dame shi ya ce "a wuce," a wuce ba tambaya.

Da yake yayyenki ne, za ki ji nauyin yanke musu hukunci. Ki faɗa tun farko cewa a kan tabarma maganar mai ja ce ta ƙarshe, gyara sai bayan an tashi. In doka ta shige duhu, kada a buɗe littafi fiye da minti ɗaya, yanke abin da ya fi kusa da hankali, rubuta a gefe, duba daga baya. In yaya ɗaya ya cika baki, kada ki ce ya yi shiru, juya ki kira sunan jarumar 'yar kawunki ki ce, "Yana cikin wannan, ke me kike yi?" In sun tsaya gardama ta wuce minti biyar, sa wani abu ya faru: inuwa ta gajarta, an ji madugu ya sa a fara ɗaura kaya.

Ɗan Fagge: Ƙari ɗaya a kan jefawa. Kada a jefa dayis sai in faɗuwa za ta haifar da wani abu. In ƙofa a kulle take kuma ba mai bin su, su buɗe kawai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jefa, a faɗi, a ce "ba ta buɗu ba," kowa ya ce shi ma zai gwada, har wani ya dace. In za a jefa, faɗuwa ta zama ta buɗu amma da ƙara, mai gadi ya farka.

Malamin Lissafi: In kina son ki gwada hannunki ke kaɗai kafin ranar, akwai Ironsworn na Shawn Tomkin, na 2018, kyauta ne a intanet, an gina shi yadda mutum ɗaya zai iya yi ba mai ja. Ana jefa mai fuska 6 a ƙara maki, a gwada da masu fuska 10 guda biyu. Ka wuce duka biyun, nasara cikakkiya. Ka wuce ɗaya, mai tsada. In an yi kunnen doki da ɗaya, ba ka wuce shi ba. Turancinsa yana da ɗan yawa, amma zai koya miki ƙirƙiro tsadar nan da Ɗan Fagge ya ambata ba tare da ido a kanki ba.

Autar Hajiya: Allah ya saka da alheri. Zan fara ganin malam. In ya amince, tsarin Anti da labarin jagaba ranar Asabar bayan la'asar, in bai amince ba, ƙwallon dabino. Tambaya ta ƙarshe: in magariba ta yi ba mu kai kogo ba fa?

Anti ta Gwale: Duba agogo in saura minti arba'in. In har suna zango, cire mashaya gaba ɗaya, ki dawo da alamarta inda suke, yaron mai abinci ya zo da kansa ya ce zai raka su. Ba su san akwai mashaya a takardarki ba. In kuma duk da haka lokaci ya ƙure, tsaya a daidai inda suka hango hayaƙi daga bakin kogo. Kafin a tashi kowa ya rubuta jininsa da kayan da suka rage masa, ke kuma ki karɓi takardun ki haɗa su da naki a ambulan ɗaya, don in kowa ya tafi da tasa, Asabar mai zuwa ɗaya ba za ta dawo ba.